Daren da Gwen Stacy ta mutu: mujallar da ake cewa ta rufe Zamanin Azurfa

"Assalamu alaikum, Malam. Na kalli fim ɗin Spider-Man na shekarar 2014, wanda budurwarsa Gwen Stacy ta mutu a ƙarshensa. Daga baya wani abokina ya ce mini an ciro labarin ne daga wata tsohuwar mujallar zane ta 1973, kuma masana suna cewa mujallar ce ta kawo ƙarshen wani zamani guda a tarihin labaran jarumai. Abin ya ɗaure mini kai. Ai mutuwa ba baƙon abu ba ce a labari. Ta yaya mutuwar yarinya ɗaya, wadda ba ma ita ce jarumar labarin ba, za ta rufe zamani? Gaskiya ne, ko kuwa kambamawa ce irin ta masoya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma maganar tasa tana buƙatar gyara kaɗan. Idan na fahimce ka, abubuwa biyu kake son sani: mene ne a cikin wannan mujalla da ya sa ta bambanta da ɗaruruwan da suka gabace ta, sannan ko ita ce da kanta ta kashe zamanin, ko kuwa mutane ne suka zo daga baya suka ɗora mata wannan nauyi. Amsar ta farko tana cikin shafuka biyu ko uku na mujallar. Ta biyun kuwa sai mun koma baya da kusan shekara ashirin.

Mujallar da ake magana a kanta ita ce The Amazing Spider-Man ta kamfanin Marvel, fitowa ta 121, mai ɗauke da watan Yuni na 1973 a bangonta, da kuma ta 122 da ta biyo bayanta a watan Yuli. Gerry Conway ne ya rubuta labarin, Gil Kane ya yi zanen fensir, John Romita babba da Tony Mortellaro suka bi zanen da tawada, Roy Thomas kuma shi ne edita. Senti 20 aka sayar da ita.

Yadda ake raba zamunan

Masu tara tsofaffin mujallun zane a Amurka su ne suka ƙirƙiro rabon da ake amfani da shi har yau, suka sa wa zamunan sunayen ƙarafa. Zamanin Zinariya ya fara ne da fitowar Superman a mujallar Action Comics ta farko a 1938. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar jarumai masu rufe fuska ta faɗi, labaran manyan laifuka da na ban tsoro da na soyayya suka maye gurbinsu, iyaye da malamai kuma suka fara ƙorafi. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafin da ya zargi mujallun zane da lalata tarbiyyar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a New York ya saurari shaidu, su kuma kamfanonin, da suka ga wuta tana neman cin gemunsu, suka yi maza suka kafa wa kansu hukumar tace labarai kafin gwamnati ta kafa musu. Ita ce Comics Code Authority. Duk mujallar da ta tsallake tacewarta sai a buga mata wani ɗan farin hatimi mai kama da kan sarki a kusurwar bango, wadda ba ta da shi kuwa yawancin dillalai ba sa ɗauka.

Dokokin hukumar su ne mabuɗin tambayarka. A cikinsu akwai cewa a kowane hali dole ne alheri ya rinjayi sharri, a kuma hukunta mai laifi. An hana nuna 'yan sanda da alƙalai ta hanyar da za ta zubar musu da mutunci, an hana zana masu shan jini da matattu masu tafiya. A ƙarƙashin wannan inuwa aka farfaɗo da labaran jarumai a 1956, lokacin da kamfanin DC ya fitar da sabon Flash a mujallar Showcase ta 4, kuma daga nan ake ƙirga farkon Zamanin Azurfa. Marvel ya shigo da Fantastic Four a 1961, Spider-Man kuma a 1962, daga hannun Stan Lee da Steve Ditko.

Labaran wannan zamani suna da wani alkawari da ba a rubuta ba, amma kowane yaro mai karatu ya san da shi. Za a sace budurwar jarumi, a ɗaure ta a kan layin dogo ko a wurgo ta daga saman bene, shi kuma zai iso a daƙiƙar ƙarshe ya cafke ta. Lois Lane, budurwar Superman, ta faɗo daga sama sau da yawa, Superman bai taɓa makara ba. Kamar mai sauraron tatsuniya ne, wanda ko Gizo ya shiga wane irin tsaka-mai-wuya ya san gobe da daddare za a sake samunsa da ransa. Daɗin labarin yana cikin ganin dabarar da za a fita, domin ita fitar tabbas ce.

Abin da ya faru a kan gadar

Gwen Stacy ta fara bayyana ne a fitowa ta 31, a watan Disamba na 1965, a matsayin ɗalibar jami'a ɗaya da Peter Parker, wato matashin da ke cikin rigar Spider-Man. Kafin 1973 ta shekara bakwai da 'yan watanni a idon masu karatu, kowa kuma ya ɗauka aure ne a gabansu. Mahaifinta, Kyaftin George Stacy na 'yan sanda, ya riga ya mutu a fitowa ta 90 a 1970, lokacin da ya ture wani yaro daga ƙarƙashin tubalan da suka ruguzo a faɗan Spider-Man da Doctor Octopus. Gwen ta ɗora alhakin mutuwarsa a kan Spider-Man, ba ta kuma san cewa saurayinta ne a cikin rigar ba. Har ta mutu ba ta sani ba, saɓanin abin da ka gani a fim.

Mugun labarin shi ne Green Goblin, wato Norman Osborn, attajiri kuma mahaifin Harry, aminin Peter. Tun 1966 ya gano ko wane ne Spider-Man, amma wani haɗari ya shafe masa tunaninsa, sai ya koma rayuwarsa ta ɗan kasuwa, abin yana taso masa lokaci zuwa lokaci. A fitowa ta 121 harkokinsa na kuɗi sun taɓarɓare, ɗansa yana kwance sakamakon shan ƙwaya, sai tunanin ya dawo masa gaba ɗaya. Ya je gidan Peter, ya tarar da Gwen, ya ɗauke ta zuwa saman hasumiyar wata gada a New York. Peter, wanda ya dawo daga Kanada da mura a jikinsa, ya bi sawu.

Bangon mujallar ma dabara ce. Romita ya jera hotunan fuskokin mutanen da ke kewaye da Peter, aka sanar da mai karatu cewa ɗaya daga cikinsu zai mutu, ba a faɗi ko wane ne ba. Sunan labarin, wanda bisa al'ada a shafin farko ake sa shi, an ɓoye shi sai a shafin ƙarshe, domin sunan da kansa yana tona asiri: daren da Gwen Stacy ta mutu.

A saman hasumiyar Gwen a sume take, ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Goblin ya bangaje ta ta faɗo. Spider-Man ya leƙo, ya harba zarensa, zaren ya kama ƙafarta, faɗuwar ta tsaya cak. A cikin wannan gidan zanen, wato ɗan akwatin hoton da ke nuna faɗuwar, kusa da wuyanta, akwai wata 'yar ƙaramar kalma mai harafi huɗu, "snap", wato ƙarar abu ya karye, kamar mu ce ƙas. An rubuta ta ƙanana, ta yadda mai gaggawar karatu zai iya wuce ta. Shi kansa Spider-Man bai ji ba. Ya jawo ta sama yana yabon kansa, yana barkwancin da ya saba, yana lissafa irin baiwar da yake da ita. Sai da ya rungume ta ya ga ba ta motsi.

Wannan tazarar, tsakanin abin da mai karatu ya gani da abin da jarumi bai sani ba tukuna, ita ce duk mujallar. Ya iso a kan lokaci, ya yi abin da ya saba yi, harbinsa bai kuskure ba, kuma abin da ya yi ɗin shi ne ya kashe ta. Goblin ya ce masa firgitar faɗuwar ce ta kashe ta tun kafin zaren ya taɓa ta, wanda maganar mugu ce kuma ba ta da tushe a ilimi, domin masu tsalle daga jirgin sama da lema suna faɗowa fiye da haka su sauka lafiya. Da wasiƙun masu karatu suka yi yawa, sai Roy Thomas ya amsa a shafin wasiƙu na fitowa ta 125 cewa fizgar da ta samu lokacin da zaren ya tsayar da ita farat ɗaya ita ce ajalinta. Shekaru bayan haka wani malamin kimiyyar lissafin motsi a Jami'ar Minnesota, James Kakalios, ya yi lissafin abin a littafinsa na 2005: wanda ya faɗo daga tsayin ƙafa 300, wato mita 90 da ɗoriya, gudunsa yakan kai kusan mil 95 a awa, kimanin kilomita 150. Idan aka tsayar da shi cikin rabin daƙiƙa, ƙarfin da zai dake shi ya kusa ninki tara na nauyin jikinsa, kuma idan ta ƙafa aka kama shi, wuya ne zai karɓi fizgar.

Akwai wani ɗan kuskure da masu tarawa suke son ambata. Gil Kane ya zana gadar Brooklyn, da bakunanta na dutse masu tsini da ba a ɓata su, amma rubutun ya kira ta gadar George Washington, wadda ke can wani gefen birnin kuma ta ƙarfe ce. A wasu bugu na baya an gyara rubutun ya dace da zanen.

Ina koyar da matasa ba da labari ta hanyar zane, kuma duk shekara sai na kawo wannan shafi. Nakan ɗora babban yatsana a kan kalmar nan in ce su karanta shafin su gaya mini abin da ya faru. Amsar ba ta canzawa: mugu ya kashe budurwar jarumi, jarumi zai ɗauki fansa. Sai in ɗage yatsan in ce su sake dubawa. Ajin yakan yi tsit na ɗan lokaci, sannan wani ya ce, "Malam, ashe shi ne." Zanen bai canza ba, maganganun ba su canza ba, harafi huɗu ne kawai suka mayar da labarin fansa ya zama labarin alhaki. Wani lokaci nakan ba su aikin su zana faɗuwar a gidaje huɗu ba tare da rubutu ba, kuma kusan dukkansu sukan sa gidan da ya fi girma a wurin da aka ture ta, inda akwai motsi da ihu. Kane da Conway sun ajiye abin da ya fi nauyi a wurin da ido bai cika tsayawa ba.

Me ya sa aka kashe ta

Dalilin bai kai girman sakamakon ba. Conway ya karɓi rubutun Spider-Man daga hannun Stan Lee a 1972 yana ɗan shekara 19, kuma yana da shekara 20 lokacin da ya rubuta wannan labari. Da shi da Romita da Thomas sun ga labarin ya fara tsayawa wuri ɗaya, suna neman abin da zai girgiza shi. An fara tunanin kashe Anti May, tsohuwar da ta riƙe Peter, amma Romita ya ba da shawarar a kashe budurwar, yana kafa hujja da abin da Milton Caniff ya yi a 1941 a labarin zanensa na jarida, Terry and the Pirates, inda ya kashe wata mata mai suna Raven Sherman, masu karatu suka yi ta makoki kamar an yi musu rasuwa a gida. Conway kuma ya sha faɗa cewa Mary Jane Watson, wata ƙawarsu a labarin, ta fi Gwen armashi a wurinsa, kuma soyayyar Peter da Gwen ta kai inda babu sauran hanya sai aure, aure kuwa zai tsofar da jarumin da aka gina a kan ƙuruciya da rashin sa'a.

Stan Lee, wanda a lokacin ya bar rubutu ya hau kujerar shugabancin ɗab'i, daga baya ya riƙa cewa yana cikin shirin tafiya Turai aka kawo masa maganar, bai tsaya ya auna ta ba. Conway ya ce da saninsa aka yi. Abin da babu gardama a kansa shi ne fushin masu karatu ya kai ga Lee har a jami'o'in da yake zuwa yin lacca, ya dawo ya ce a nemo hanyar dawo da ita. Conway bai tashe ta daga kabari ba. A 1975 ya kawo wata kwafinta da wani malamin jami'arsu ya halitta a ɗakin gwaje-gwaje daga ƙwayoyin jikinta, ta yi 'yan fitowa ta tafi. Gwen ta asali ta ci gaba da zama matacciya, kuma a sana'ar da mutuwa take kamar tafiya hutu, wannan ya ƙara wa labarin nauyi.

Zamanin ya riga ya tsage

A nan ne nake rabuwa da abokinka kaɗan. Gwen ba ita ce ta farko da aka kashe a Zamanin Azurfa ba. Shi kansa Spider-Man da mutuwar kawunsa Ben aka fara labarinsa. An kashe Pamela Hawley, budurwar Sajan Fury, a 1965 a labarin yaƙi. An kashe Ferro Lad a 1967, aka hallaka ƙungiyar Doom Patrol a 1968 da za a rufe mujallarsu. Sai dai idan ka duba za ka ga kusan dukkansu ko dai mutuwar sadaukarwa suka yi, da zaɓinsu, ko mutuwarsu ta zama tushen da aka gina jarumi a kai, ko kuma a fagen yaƙi ne inda kowa ya san ana mutuwa. Ko Kyaftin Stacy ran yaro ya ceta. Ta Gwen ba ta ceci kowa ba, ba ta da zaɓi a ciki, kuma a mujallar da take cikin mafi kasuwa a ƙasar aka yi ta.

Sannan da yawa daga masana sun fi son sa iyakar a 1970. A shekarar ce Jack Kirby, wanda hannunsa ya zana rabin duniyar Marvel, ya bar kamfanin ya koma DC. A shekarar ce Mort Weisinger, editan da ya riƙe Superman shekaru da yawa da salonsa na labaran yara, ya yi ritaya. A watan Afrilu na shekarar Denny O'Neil da Neal Adams suka fara jerin Green Lantern da Green Arrow daga fitowa ta 76, inda wani dattijo baƙar fata ya tsare Green Lantern ya tambaye shi me ya taɓa yi wa baƙaƙen fata bayan duk hidimar da yake yi wa halittun wasu duniyoyi. A watan Oktoba kuma Marvel ya fitar da Conan, jarumin takobi da ba ya jin kunyar kisa.

A 1971 ita kanta hukumar tacewa ta sha kaye. Ma'aikatar lafiya da ilimi ta gwamnatin Amurka ta roƙi Stan Lee ya rubuta labarin da zai gargaɗi matasa game da ƙwaya. Ya rubuta, hukumar ta ƙi ba da hatimi saboda an ambaci ƙwaya, shi kuma ya fitar da fitowa ta 96 zuwa ta 98 babu hatimin. Dillalai suka ɗauka, mutane suka saya, sama ba ta faɗo ba. A cikin shekarar aka sassauta dokokin, aka buɗe ƙofa ga labaran ban tsoro da maganar ƙwaya idan an nuna ta a matsayin mugun abu. Don haka fitowa ta 121 da hatiminta ta fito, babu wata doka da ta karya.

Masu karatun ma sun canza. Yaron da ya fara karanta Spider-Man a 1962 yana ɗan shekara goma ya zama ɗalibin jami'a a 1973, ya ga kisan shugabanni a ƙasarsa, ya ga gawawwakin da ake dawowa da su daga Biyetnam, kuma a cikin shekarar aka fara zaman sauraron badaƙalar Watergate a talabijin. Farashin mujalla ya tashi daga senti 12 zuwa 15 zuwa 20 cikin 'yan shekaru, teburan jarida suna rage ɗauka, a daidai lokacin kuma wani malamin makaranta a New York mai suna Phil Seuling yana kafa hanyar kai mujallu kai tsaye ga shagunan da ba sa sayar da komai sai su, inda masu saye manya ne.

Hukuncina shi ne, idan ana maganar sana'ar da kasuwarta, 1970 da 1971 sun fi cancanta a kira su mahaɗar zamunan biyu. Amma tashin Kirby da ritayar Weisinger da gyaran doka abubuwa ne da suka faru a ofisoshi, mai karatu bai gan su da idonsa ba. Mutuwar Gwen a gabansa ta faru, a cikin labarin da ya fi so, ga mutumin da ya sani. Shi ya sa idan ka tambayi wanda ya karanta ta a lokacin, ita yake tunawa. Ginin ya daɗe da tsagewa, ranar nan ce dai na cikin ɗaki ya ji ƙasa ta zubo masa a ka.

Abin da ya biyo baya

Wata takwas bayan fitowa ta 121, a ta 129, Conway ya gabatar da Punisher, tsohon soja mai harbe masu laifi ba tare da shari'a ba, wanda aka turo don ya kashe Spider-Man. Wolverine ya bayyana a ƙarshen 1974, sabuwar ƙungiyar X-Men a 1975. Wannan shi ne abin da ake kira Zamanin Tagulla, wanda shi ma aka rufe shi wajen 1985 da 1986, lokacin da DC ya kashe Barry Allen, wato Flash ɗin nan da ya buɗe Zamanin Azurfa a 1956. A 1994 Kurt Busiek da Alex Ross suka fitar da Marvels, wanda ya bi tarihin jaruman kamfanin ta idon wani mai ɗaukar hoto na jarida, suka sa mutuwar Gwen ta zama abin da ya karya masa imani da su a babin ƙarshe. Wannan aiki ya taimaka ƙwarai wajen kafa ra'ayin da abokinka ya gaya maka, kuma ka lura shekara 21 ke tsakaninsa da mujallar. Ni ma a bugun da aka sake tattarawa na fara karanta ta, na riga na san ƙarshen, don haka firgitar masu karatun farko daga wasiƙunsu da shaidarsu na ɗauko ta.

Akwai wani ɓangare da bai kamata in tsallake ba, domin nasarar labarin ta haifi mugun ɗabi'a. Marubuta da yawa sun koyi darasin da bai dace ba, suka ɗauka cewa hanya mafi sauƙi ta sa jarumi ya yi nauyi ita ce a kashe masa mace. A 1999 marubuciya Gail Simone ta tattara jerin matan da aka kashe ko aka nakasa a mujallun jarumai don kawai a tunzura namiji, ta sa wa jerin suna daga wani labarin Green Lantern na 1994 inda jarumin ya dawo gida ya tarar an cusa gawar budurwarsa a firiji. Sunan Gwen yana fitowa duk lokacin da aka ta da wannan magana, kuma ba zan ce zargin bai shafe ta ba. A sume ta mutu, ba a ba ta bakin magana ba, ba ta san dalilin da ya sa aka ɗauke ta ba, an kuma yanke hukuncin kashe ta ne don amfanin labarin Peter. Ɗalibaina mata sukan riga maza ganin wannan. Abin da nake iya cewa a kare labarin shi ne bai bar Peter ya ci ribar mutuwar ba. Wani ɓangare na gyaran ya zo a 2014, shekarar fim ɗin da ka kalla, lokacin da Marvel ya fitar da labarin wata duniya inda Gwen ce gizo-gizon ya ciza, Peter kuma shi ya mutu.

Fim ɗin ya mayar da wurin hasumiyar agogo, ya kuma sa zaren ya kama ta a daidai lokacin da ta kusa ƙasa, har kanta ya bugu. Wannan ya sauƙaƙa wa jarumin, domin laifinsa ya zama makara ta ƙiftawar ido. A mujallar bai makara ba.

Idan za ka nemi labarin, kada ka tsaya a fitowa ta 121, domin rabinsa yana cikin ta 122. A can Spider-Man ya bi Goblin har maɓoyarsa, ya yi masa dukan da ya kusa kashe shi, sannan ya janye hannu da ya ga abin da yake shirin zama. Goblin ya kira abin hawansa mai tashi ta bayan Peter don ya soke shi, Peter ya sunkuya, tsinin ƙarfen ya kafe Goblin a bango. An hukunta mugu kamar yadda tsohuwar dokar 1954 ta tanada, amma Peter ya tsaya a kan gawar bai ji wani sanyi a ransa ba. Shi wannan Osborn ɗin an dawo da shi da ransa a 1996, amma wannan wata magana ce.

Shafin ƙarshe shi ne wanda na fi so a cikin duka biyun, kuma babu faɗa a cikinsa. Peter ya koma gida ya tarar da Mary Jane tana jiransa, yarinyar da har zuwa lokacin ba a san ta da komai ba sai rawa da wasa da gudun duk abin da ya yi nauyi. Ta ce ta ji labari. Ya huce fushinsa a kanta, ya ce mata irinta ko uwarta ce ta mutu ba za ta damu ba, ta fita ta ba shi wuri. Ya zauna ya rufe fuska da hannu. Ta juya da hawaye ta nufi ƙofa, ta kama ta, ta tsaya. An ba wannan tsayuwar gidajen zane a jere babu magana ko ɗaya. Sannan ta tura ƙofar ta rufe, tana daga ciki, aka rubuta wata 'yar ƙaramar kalma ta ƙarar makulli a gefe. Shekara 14 bayan haka, a 1987, aka ɗaura musu aure.